Abin Da Ke Riƙe Da Rufin Masallacinmu: Yini Guda Daga Ƙauyen Alu Zuwa Gidan Makama

 Ya ku 'yan'uwa masu karatun wannan fili, a wannan mako za mu ɗan fita da ku daga zauren karatu zuwa bakin titi, amma tafiyar ba mai nisa ba ce, domin ba ta wuce tsakanin Ƙauyen Alu da ƙwaryar birnin Kano ba.

Dalilin tafiyar kuwa shi ne, wani amininmu da ke cikin kwamitin wani ƙaramin masallacin unguwa a can Ƙauyen Alu ya same mu da magana, ya ce jama'a sun yi wa masallacinsu yawa har sahu yana fita waje, saboda haka sun yanke shawarar ɗora masa bene, domin sama ta zama makarantar Islamiyya, mata kuma su sami wurin yin asham idan azumi ya zo. Ya roƙe mu mu yi rubutu mu kwaɗaitar da masu hali su taimaka. Muka ce masa madalla da wannan niyya, amma gani ya kori ji, bari mu zo mu ga masallacin tukuna. To, da muka je sai muka dawo da wata tambaya wadda ba mu tafi da ita ba, watau shin mene ne yake riƙe da rufin da muke sujada a ƙarƙashinsa sau biyar kowace rana, kuma wa ya san iyakar abin da zai iya ɗauka?

UNGUWAR DA BIRNI YA HAƊIYE

Ƙauyen Alu ɗaya ce daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Tarauni, maƙwabciyar Unguwa Uku. Ƙauyancinta bai wuce a suna ba, gama birni ya daɗe da haɗiye ta. Duk inda mutum ya juya gidajen bulo ne da rufin kwano, sai jefi-jefi ya ga wata tsohuwar katangar ƙasa ta maƙale tsakanin sababbi. A bakin hanya ga masu buga bulo sun jera shi a rana, ga tulin yashi da tsakuwa da tifa ta juye, ga leburori da kwanon sarki a ka. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne kawunan rodi da ke tsaye cirko-cirko bisa gidaje da kantuna masu yawa, alamar mai gida yana jiran ranar da Allah Zai hore masa ya ƙara hawa. Kusan kowa a nan yana da bene a zuci.

Da hantsi muka iske mutum biyu suna jiranmu a ƙofar masallacin. Ɗaya dattijo ne magini, wanda ya fara sana'a tun yana yaro yana jefa wa mahaifinsa tubali a cikin birni, ya ƙare ta da bulo da siminti, yanzu ƙarfi ya tafi sai ba da shawara. Ɗayan kuwa saurayi ne ɗan unguwar, injiniyan gine-gine. Bayan mun gaisa muka ce, "Baba, mun zo ne a nuna mana ko wannan masallaci zai ɗauki bene." Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Malam, ba a tambayar jaki ko zai ɗauki kaya sai an san nauyin kayan, an kuma duba ƙafafunsa. Ku zo mu zaga gari tukuna, in mun dawo ku da kanku za ku ba ni amsa."

DANNIYA DA JA

Karatun farko a nan ƙofar masallacin aka yi mana shi. Dattijon ya ajiye bulo a ƙasa ya sa wani yaro ya hau, bulo bai ko motsa ba. Sa'an nan ya ɗauko wani falalen busasshen yumɓu ya gitta shi tsakanin duwatsu biyu, ya danna tsakiyarsa da yatsa, nan take ya karye. Ya ce mu lura da inda tsagar ta fara, muka ga daga ƙasa ta faro ta yi sama. Injiniyan ya yi mana bayani cewa duk kayan da aka ɗora wa gini ta hanya biyu yake cinsa, ko dai ya danne shi, ko kuwa ya ja shi. Abin da aka gitta kuwa duka biyun yake sha a lokaci guda, samansa yana matsewa, ƙasansa yana miƙewa. Ƙasa da dutse da bulo da kankare duk jarumai ne wajen jure danniya, amma raggwaye ne wajen ja, har ma ƙarfin kankare wajen jure ja bai wuce kimanin kashi 1 cikin 10 na ƙarfinsa wajen jure danniya ba. Igiya kuwa akasin haka take, ko raƙumi aka ɗaure da ita za ta riƙe, amma ba ta iya tsayuwa da kanta balle ta tokare wani abu. Itace da ƙarfe su ne ke iya ɗaukar duka biyun.

Saboda haka, in ji shi, sanin gini kusan dukansa ya tattara ne ga ɗaura aure tsakanin mai jure danniya da mai jure ja, a kuma ajiye kowanne a inda aikinsa yake. Wannan ne ya sa ake shimfiɗa rodi a can ƙasan dekin da ƙasan linta, inda ja ya fi tsanani. Amma a barandar da ta leƙo waje ba ginshiƙi a ƙarƙashinta lamarin juyawa yake, samanta ne ke shan ja, don haka a sama rodinta ya kamata ya zauna. In leburori suka tattake shi ya nutse ƙasa ranar zuba kankare, to, barandar ta zama tarko, alhali kuwa a ido ba ta da wani aibu. Shi wannan siminti da muke amfani da shi wani birkila ne a Ingila mai suna Joseph Aspdin ya yi rajistar irinsa a 1824, sa'an nan wani mai aikin lambu a Faransa, Joseph Monier, ya yi rajistar dabarar sa ƙarfe cikin kankare a 1867, da tukwanen shuka furanni ma ya fara.

Daga nan muka tsaya a rumfar wani kafinta, inda aka yi mana karatu na biyu, watau na siffa. Aka ɗauko katako mai kaurin inci 2 da faɗin inci 6, irin wanda ake saye a 'Yan Katako ta Na'ibawa, aka gitta shi a kwance, yaron ya hau tsakiya sai ga shi ya lanƙwashe. Aka tayar da shi a kan gefensa, yaron ya sake hawa, ko gezau. Katakon bai sake ba, nauyin bai sake ba, zaman kaɗai aka sauya, amma ƙarfinsa ya ninka sau uku. Ƙa'idar ita ce, in aka ninka zurfin abin da aka gitta sau biyu, ƙarfinsa sau huɗu yake ninkuwa. Haka nan kwanon rufi, ba don ado aka yi masa tudu da kwari ba, da shimfiɗaɗɗe ne da ya lotsa tun ruwan farko. Kafintan kuma ya nuna mana katakai huɗu da aka haɗa da ƙusa a kusurwa huɗu, ya tura su da hannu suka karkace, ya gitta guda ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa suka tsaya cak. Siffa mai kusurwa uku ba ta karkacewa sai dai wani gefenta ya karye, shi ya sa take cike da ƙarƙashin kowane rufin kwano da kowace hasumiyar ƙarfe ta kamfanonin waya. Dattijon ya ƙara da nasa misalin, ya ce ƙwarya in an kife ta sai ta ɗauki nauyin da sakaina ba za ta ɗauka ba, alhali daga duma ɗaya suka fito.

TA GYAƊI-GYAƊI ZUWA CIKIN BIRNI

Muka hau titin Zariya muka nufi birni, muka wuce Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, muka ratsa Gyaɗi-Gyaɗi har gadar Dangi mai hawa uku wadda aka gina a zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje. Sau da yawa mun bi ta kanta ba mu taɓa tsayawa mun dube ta daga ƙasa ba sai ran nan. Da muka ɗaga kai sai muka ga katakon kafintan nan ne aka maimaita da kankare, manyan dogayen sanduna masu zurfi jere a kan gefensu, sun ɗauki titin sun miƙa nauyinsa ga ginshiƙai, ginshiƙan kuma sun miƙa shi ga harsashin da ke binne. Injiniyan ya ce mu saurari ƙarar da tayar mota take yi in ta zo wasu gaɓoɓi na gadar. Wannan tazara ce da aka bari da gangan, domin kankare da ƙarfe suna miƙewa in zafin bazara ya buge su, su kuma tsuke da sanyin hunturu, in ba a bar musu wurin motsi ba sai su nema da kansu ta hanyar tsagewa. Wani ikon Allah kuma, miƙewar ƙarfe da ta kankare kusan daidai suke, ba don haka ba da aurensu bai yi ƙarko ba.

Kafin mu shiga ta Ƙofar Nasarawa dattijon ya tuna mana da ganuwar Kano, wadda tarihi ya nuna an fara ta a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa da sarakunan bayansa. Turawan da suka zo a 1903 sun ba da labarin cewa kaurin gindinta ya kai ƙafa 40 a wasu wurare. Asirinta bai wuce abu guda ba, gindi mai faɗi da kai mai tsini, yadda kowane ɓangare yake da abin da ya fi shi faɗi a ƙarƙashinsa. Wannan siffa ce ta tsayar da Hasumiyar Gobarau a Katsina, ita ce kuma ta tsayar da hasumiyar Masallacin Agadas mai tsawon kimanin mita 27, dukansu kuwa da ƙasa aka yi su.

A ƘARƘASHIN BAKAN GIZO

A Gidan Makama, daura da gidan Sarki, muka yada zango. Gida ne da asalinsa ke komawa ga zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya sarauci Kano daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne. Muna shiga soro sanyi ya ratsa mu, dattijon kuwa sai ya zama kamar wanda ya dawo gidan ubansa. Ya dafa bango ya fara yi mana bayani tun daga tubali. Ya ce jar ƙasa ake haƙowa a kwaɓa da ciyawa, a tattake ta, a bar ta ta kwana ta ruɓa, sa'an nan a mulmula ta da hannu mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya. In an zo gini a tsaye ake jera shi, tsinin yana kallon sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, kuma ba a ɗora sabon sahu sai na ƙasa ya sha iska. Ita ciyawar nan aikin rodi take yi a ƙaramin mataki, tana hana ƙasar tsattsagewa in tana bushewa.

Sa'an nan ya nuna sama ya ce ga inda gwaninta take. Azara daga giginya ake faskara ta, itace ne mai nauyi da tauri wanda gara ba ta cika cinsa ba. Amma tana da iyaka, in aka gitta ta aka ɗora mata ƙasar rufi ba a son tazarar ta wuce kimanin ƙafa 6, in ta wuce sai ta fara lotsawa. To, yaya aka yi magabata suka rufe fadar sarki da masallaci masu faɗi ba tare da sun cika su da ginshiƙai ba? Amsar ita ce baka. Magini yakan kafa damin azara a cikin bango ya bar kansa ya leƙo, ya ɗora wani damin a kai ya ƙara leƙowa ya kuma ƙara sunkuyawa, ya ɗaure su tamau da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya jira ta bushe kafin ya ƙara gaba. Haka zai yi ta yi daga wannan bango da wancan, har ƙafafun biyu su haɗu a tsakiya su zama bakan gizo. In bakuna suka gitta juna a tsakiyar ɗaki kamar yadda ake ɗaure bakin guga, shi ne ake kira ɗaurin guga. Da haka sai babban rufi ya rarrabu zuwa ƙananan gurabe waɗanda azara za ta iya haye kowannensu, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, rufin ya tashi ya yi tulluwa. Ta wannan hanya gwanaye sun rufe ɗakuna masu faɗin kusan mita 8 da ƙasa da itace da igiya kawai.

Injiniyan ya daɗe yana kallon rufin, kana ya ce, "Baba, ai wannan kankare da rodi ne, sai dai ku da ƙasa da azara kuka yi naku." Ya bayyana mana cewa bakan Hausa ya sha bamban da bakan dutse na ƙasashen Rum da Turkiyya. Shi na dutse danniya zalla yake aiki da ita, kowane dutse yana matse ɗan'uwansa, amma a gindi yana tura bango waje da ƙarfi, in ba a tokare shi ba sai ya buɗe. Kubbar Aya Sofiya ta birnin Istanbul ta taɓa ruftawa a shekarar 558 bayan girgizar ƙasa, da aka zo sake ta sai aka ƙara mata tsawo domin turin ya fi nufar ƙasa. Shahararren maginin Daular Usmaniyya, Sinan, da ya gina Masallacin Salimiyya a Edirne, wanda aka gama a 1575, kan manyan ginshiƙai 8 ya zaunar da kubba mai faɗin kimanin mita 31, ya kuma kewaye ta da tokara. Bakan Hausa kuwa azarar da ke cikinsa tana riƙe ja, nauyin bangon da ke bisa gindinta yana danne ta kada ta tuma. Watau kaurin bangon soro ba almubazzaranci ba ne, yana cikin lissafin rufin.

Dattijon ya ce duk da haka ginin ƙasa yana da abokin gaba guda, shi ne ruwa. Don haka ake shafe rufi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, a shafe bango da makuba ta ɓawon ɗorawa, a kuma sa indararo mai tsawo domin ya jefa ruwa nesa da gindin bango. Kowace shekara kafin damina sai an hau an duba, an yi yaɓe. A Jenne ta ƙasar Mali har yau mutanen gari sukan fito kwansu da kwarkwatarsu su yaɓe babban masallacinsu, wanda aka yi ginin da ke tsaye yanzu a 1907. Itatuwan da suka leƙo daga jikinsa da jikin hasumiyar Agadas matakala ce ta masu gyara, an gina hanyar gyaran a cikin ginin tun ran farko. Ya ce abin da yake ba shi tsoro shi ne yadda ake lulluɓe tsohon bangon ƙasa da filastar siminti a ce an huta da yaɓe, alhali damshi in ya shiga ba ya samun mafita, sai ƙasar ta yi ta ruɓewa a ɓoye, fuska kuwa sumul.

DARASIN ZARIYA

A nan ne hira ta kai mu Zariya, ko da yake ƙafarmu ba ta je ba. Masana sun haɗu a kan cewa ginin baka ya kai maƙura a Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Saboda darajarsa har kwafinsa aka gina a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, bisa awon da wani masani ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, ya yi. Masallacin ya yi kusan shekara 190 yana ɗaukar jama'a. Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe nasa ya rufta a kan masallata, aƙalla mutum 7 suka riga mu gidan gaskiya, wasu da dama suka ji rauni. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi shahadarsu. Mai Martaba Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli ya shaida wa manema labarai cewa ana gobe abin zai faru an ga tsaga a bango, ana cikin shirin kawo injiniyoyi ke nan sai ƙaddara ta riga fata.

Kada kuma wani ya ce ai laifin ginin ƙasa ne. A nan Kano, ranar 30 ga Agusta, 2022, wani bene mai hawa uku na kankare da rodi ya rushe a titin Beirut tun ba a gama shi ba, aka yi hasarar rayuka. Wancan tsoho ne da ya yi kusan ƙarni biyu, wannan kuwa ko shekara bai yi da rufi ba. Ba sabunta ko tsufa ke riƙe gini ba, ba kuma sunan kayan da aka yi shi da su ba.

LISSAFI A ƘOFAR MASALLACI

Mun komo Ƙauyen Alu gab da La'asar. Bayan an idar da salla 'yan kwamiti suka taru, injiniyan ya ɗauki alli ya yi lissafi a ƙasa kowa yana gani. Ya ce mu ƙaddara masallaci mai tsawon mita 20 da faɗin mita 10, a zuba masa dekin mai kaurin inci 6. Kankare mai tsawon mita guda, faɗin mita guda, zurfin mita guda, nauyinsa kimanin kilo 2,400 ne, don haka dekin kaɗai ya tashi tan 72, watau nauyin buhun siminti 1,440. In mutane suka cika saman sahu-sahu za su kai kimanin 270, in aka yi wa kowa kilo 65 sun kusa tan 18. Ba a sa bangon sama da rufinsa ba, ba a sa kubbar da ake sha'awa ba, ba a kuma sa tankin alwala ba, wanda in mai lita 5,000 ne tan 5 ke nan a wuri guda. Wurin ya yi tsit, domin yawancinmu nauyin mutane muke tunani, ba mu san ginin da kansa ya fi su nauyi nesa ba.

Sa'an nan aka koma ga ƙafafun jakin. Aka duba bango, bulo ne mai inci 6, babu ginshiƙin kankare ko ɗaya a cikinsa. Aka haƙa gefen wata kusurwa aka tarar harsashin siriri ne mara zurfi, daidai ɗaukar bango da kwano. Dattijon ya ce raƙumi ba ya nutsewa a rairayi saboda faɗin tafinsa, harsashi ma haka yake, gwargwadon nauyi gwargwadon faɗi, kuma gwargwadon taurin ƙasar wurin. Ya ja hankalinmu ga wuraren da a da kududdufai ne aka cike su da shara aka yanka filaye, ya ce irin wannan ƙasa shekara da shekaru tana zama. Ya kuma nuna wata tsaga da ta taso a karkace daga kusurwar taga, ya ce siririyar tsagar filasta ba abin tsoro ba ce, amma wadda ta karkace, take ƙara buɗewa, ƙofa kuma ta fara cijewa, wannan gini ne yake magana.

Ba kowa ne ya ji daɗin wannan bayani ba. Wani daga cikin 'yan kwamitin ya ce an riga an tara kuɗi, an kuma yi wa jama'a alkawarin hawa sama kafin azumi, ga shi masallatai nawa aka ɗora wa bene ba abin da ya faru, a dogara ga Allah mana. Liman ne ya raba gardamar, ya ce dogara ga Allah ba ta hana ɗaure raƙumi, kuma a nan ne abin ya shafi shari'a. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani, kamar yadda masu karatun Muhtasar na Shaihu Halilu suka sani, cewa wanda katangarsa ta karkata, aka gargaɗe shi, ya kuma sami lokacin gyarawa bai gyara ba, in ta faɗa wa wani to lamunin abin da ta halaka yana wuyansa. A birnin Tunis a ƙarni na 8 na Hijira an yi wani magini, Ibnur Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba gine-gine ya ba da shaida, har ya wallafa littafi a kan hukunce-hukuncen gini. Ashe tun da can alƙali bai raina sanin magini ba. Liman ya ce yau mu an gargaɗe mu, ba mu da sauran uzuri.

Ya kuma tunatar da mu cewa Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da tubalin ƙasa aka fara gina shi a Madina, ginshiƙansa kututturen dabino, rufinsa ganyen dabino, har ruwan sama yana zuba. Sayyidina Umar ya faɗaɗa shi a shekara ta 17 bayan Hijira da irin waɗannan kaya, sai a zamanin Sayyidina Usman, a shekara ta 29, aka sake shi da sassaƙaƙƙen dutse. Darajar masallaci ba a yawan hawa take ba. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa ba za a ɗora kome a kan wannan bango ba. Za a yi rumfar kwano a haraba domin rage cunkoso, a sa a auna ƙasar wurin, a zana sababbin ginshiƙai masu harsashin kansu, a kai zanen Hukumar Tsara Birane ta Jihar Kano, watau KNUPDA, in ya so a yi benen a shekarar da kuɗinsa na gaskiya suka taru.

KIRA GA KWAMITOCIN MASALLATAI

To, 'yan'uwa, rubutun neman taimako aka roƙe mu, ga shi kuwa mun yi, sai dai da sharaɗi. Muna kira ga duk masu riƙe da amanar masallatai da makarantun Islamiyya a Tarauni da sauran unguwanni, kada a ɗora hawa a kan ginin da ba a san harsashinsa ba. A nemi injiniya mai rajista da hukumar COREN, kuɗin da za a ba shi yana cikin kuɗin ginin Allah, ba ɓarna ba ne. A gwada bulo kafin a saya, wanda yatsa ke marmashewa ba bulo ba ne, araha kuwa ba ta ado. Kada a yarda a rage kaurin rodi ko a nisanta zoben da ke ɗaure rodin ginshiƙi, gama kara ɗaya lanƙwashewa yake, sai an ɗaure shi dami yake tokare rumfa. A tabbata kankare ya rufe rodi sosai, domin in damshi ya kai gare shi tsatsa tana kumbura ta fasa kankaren daga ciki. A yi ta ba sabon kankare ruwa aƙalla mako guda, kada kuma a yi gaggawar cire katakan da suka tokare dekin, domin sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa. Masu tsofaffin masallatan ƙasa kuma su hau su duba indararo da rufi kafin kowace damina, in an ga tsaga mai tafiya a fitar da jama'a a yi salla a fili har a gyara.

Ga magina da 'yan kwangila kuwa, ku sani aikinku ya bambanta da na sauran masu sana'a ta fuska guda. Mai sayen hatsi yana iya zura hannu cikin buhu, amma mai sujada ba ya iya leƙa cikin ginshiƙi. Rodin da aka rage da simintin da aka tauye filasta za ta rufe su, fenti ya ƙawata su, amma suna nan a rubuce, kuma tun ran gini ran zane. Da za mu rabu dattijon ya raka mu har bakin titi, ya ce mahaifinsa bai taɓa karɓar kuɗin soro ba sai ya kwana a ƙarƙashinsa daren da aka gama rufi.

Allah Ya tsare mu da masallatanmu, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a ƙarƙashin gini, Ya ba mu ikon riƙe amana a bayyane da ɓoye, amin.